Kite: Yadda Sunan Shirwa Ya Zama Sunan Laifi a Bankunan Amurka

Ranar 2 ga Mayu, 1985, kamfanin E.F. Hutton ya amsa laifi a gaban wata kotun tarayya da ke jihar Pennsylvania ta Amurka. Ba laifi ɗaya ko biyu ba, tuhuma 2,000 cif, dukansu na zamba ta hanyar gidan waya da layukan sadarwa. Hutton kuwa ba kanwar lasa ba ne. Tun 1904 yake dillancin hannun jari, yana cikin manyan da ake ji da su a ƙasar, tallansa na talabijin ma har ya zama abin kwatance a bakin jama'a: wai in Hutton ya buɗe baki, kowa tsit yake yi ya kasa kunne. Jaridu ba su wahalar da kansu da dogon sunan da doka ta ba laifin ba. Sun kira shi da sunan da ma'aikatan banki suka saba da shi, wato check kiting.

Bahaushen da ya ɗauko ƙamus ya duba kite, abin da zai fara cin karo da shi shi ne shirwa. To me ya haɗa shirwa da cakin banki? Ƙamus bai yi ƙarya ba, sai dai ya tsaya a zangon farko, alhali kalmar ta yi tafiyar shekara sama da dubu, kuma kowane zango da ta sauka sai ta bar wani abu ta ɗauki wani.

Asali dai tsuntsun ne. Mutanen Ingila na dauri suna ce masa cyta, masana harshe kuma suna ganin kukansa aka kwaikwaya. Tasu shirwar jaja-jaja ce, tsagin wutsiyarta ya fi na tamu zurfi, amma hali ɗaya ne. Duk wanda ya tashi a gidan da ake kiwon kaji ya san ta. Ba ta cika kaɗa fiffike ba. Buɗe su kawai take yi ta bar iska ta ɗauke ta, wutsiyar tana karkacewa nan da can tana saita mata hanya, kai ka ce an rataye ta ne a sama. Sai inuwa ta gifta tsakar gida, uwar kaji ta yi wannan ƙarar tata ta gargaɗi, 'yan tsaki su watse ƙarƙashin rumbu, wanda ya yi nauyin ƙafa an sure shi. Ba banza aka ce kaza mai 'ya'ya ke gudun shirwa ba. In kuma an sa wa daji wuta, za ka gan su sun yi dandazo a saman hayaƙi suna cafke fara.

Hali biyu ke nan: sura da shawagi. Turanci ya ɗebi duka biyun. A ƙarni na 16, in aka kira mutum kite, ana nufin mahandami ne mai cin na mutane. Wannan ma'anar ta kusa mutuwa yau. Ta shawagin ce ta yi 'ya'ya da jikoki.

A wajajen shekarun 1660 aka fara samun kalmar a rubuce da nufin abin wasan nan da ake ɗaura wa zare a sake shi sama. Abin ba na Turawa ba ne, daga Asiya ya iso musu. Mutanen Sin sun fi shekara 2,000 da saninsa, kuma abin sha'awa, ɗaya daga cikin tsofaffin sunayensa a can ma'anarsa shirwar takarda. Sauran al'ummu kowa da abin da idonsa ya gani. Bafaranshe ya ce cerf-volant, barewa mai tashi, sunan da duk ɗan makarantar boko a Maraɗi ko Damagaram ya sani. Bajamushe ya ce dodo ne. Mutanen Sifen suka ce tauraro mai wutsiya. Balarabe ya ce jirgin takarda. Yaranmu kuma ba su yi nisa da Balarabe ba, jirgin leda suke cewa, don da leda suke yin sa.

Ya kamata a tsaya a kalli jirgin ledar nan da kyau, domin duk abin da zai biyo baya a jikinsa yake. Yaro ya sami baƙar leda ya yanka, ya giciya tsinken tsintsiya biyu, ya ɗaure, ya sa masa jela ta tsumma, ya warware zare daga tsohon buhu. Ya ruga da gudu a fili lokacin hunturu, iska ta kama, abin ya yi sama. Ba inji, ba fiffike, ba komai a cikinsa. Iska ce ke tura shi, zaren kuma ke riƙe shi a karkace yadda iskar za ta ɗaga shi. In iska ta tsaya, ya faɗo. In zare ya tsinke, ba ƙara yin sama zai yi ba, tangaɗi zai yi ya je ya maƙale a wayar lantarki. Dole mai riƙon ya yi ta ja yana saki, ba hutawa.

Daga wannan abin wasa ma'anoni suka yi ta rassa. Da shi Benjamin Franklin ya yi gwajinsa na 1752 kan alaƙar walƙiya da lantarki. Da shi Marconi ya ɗaga wayar eriyarsa a Newfoundland ranar 12 ga Disamba, 1901, lokacin da ya ce ya kama saƙon rediyo daga ƙetaren tekun Atlantika. 'Yan'uwan nan biyu, Wilbur da Orville Wright, sun fara gwada dabarar sarrafa fiffike a kansa a 1899 kafin jirginsu ya tashi a 1903, daga baya kuma matuƙa jiragen yaƙin Birtaniya suka riƙa kiran jiragensu da kite a bakin wasa. Matuƙa jirgin ruwa suka laƙaba wa wani babban filafili marar nauyi sunan. Malaman lissafi suka ba wata siffa mai gefe huɗu sunan, wadda gajerun gefenta biyu suke daidai, dogayen biyu ma daidai, layukan da suka ratsa ta kuma suka haɗu a giciye. Ɗalibin ƙaramar sakandare a Kano ko Sakkwato yana haddace yadda ake auna faɗinta, sau da yawa ba tare da an taɓa ce masa jirgin ledar da yake yi bayan an tashi makaranta ne aka zana masa a allo ba.

Zangon da ya shafe mu shi ne na 1805. A wannan shekarar ne aka fara ganin 'yan kasuwar Birtaniya a rubuce suna cewa wane yana tashin kite. A lokacin ciniki da takardar alkawarin biya ake yi: ka karɓi kaya, ka sa hannu cewa nan da wata uku za ka biya, mai kayan kuma yana iya kai takardar banki a ba shi kuɗi a rage wani abu. Sai waɗanda ruwa ya ƙare wa suka gano dabara. Mutum biyu su rubuta wa juna irin wannan takarda ba tare da ko ƙyalle ya sauya hannu ba, kowa ya kai tasa banki ya karɓi kuɗi. In lokacin biya ya matso, a rubuta sabuwa a toshe tsohuwa. Takarda ce tsura, ba kaya a bayanta, iska kawai ke riƙe da ita. Wanda ya fara wannan kwatance ya iya kallo.

Da cakin banki ya yaɗu sai sunan ya bi shi. Ga yadda ake yi. Mutum yana da asusu a banki biyu, ɗaya a garin gabas, ɗaya a garin yamma, duka biyun ba ko sisi. Ran Litinin ya rubuta cakin dala 100,000 na bankin gabas ya kai wa na yamma. Na yamma, saboda ya yarda da shi, ya shigar masa da kuɗin nan take. Amma takardar sai ta yi tafiya, a mota ko a jirgi, ta bi ta cibiyar tantancewa, ta yi kwana biyu ko uku kafin ta isa gabas. Kafin ta isa, ran Laraba, sai ya rubuta wani cakin na bankin yamma ya zuba a gabas. Takardar farko ta iso ta tarar da kuɗi a rubuce, aka biya. Kowane banki yana ganin dala 100,000 a littafinsa, alhali babu su ko'ina. Kwanakin nan da takarda ke kan hanya su ne iskar. Dole kuma a ci gaba da rubutawa, don ranar da aka tsaya, ranar komai zai zube.

Abin da Hutton ya yi ya fi wannan tsari, ya kuma fi shi wayo. Daga tsakiyar 1980 zuwa farkon 1982 aka yi shi, kuma lokacin ba haka kawai ya zo ba. Babban bankin Amurka a ƙarƙashin Paul Volcker yana yaƙi da hauhawar farashi, kuɗin ruwa ya yi tashin da ba a taɓa gani ba, har wanda bankuna ke caje wa manyan abokan cinikinsu ya kai kashi 21.5 cikin ɗari a Disamban 1980. A irin wannan yanayi, dala miliyan ɗaya in ta kwana ɗaya a hannunka, a kan kashi 18 cikin ɗari ma, ta haifa maka kusan dala 500. Ka ninka wannan da ɗaruruwan miliyoyi, ka ninka da kwanakin shekara.

Kamfanin yana da rassa birjik, da yawansu a ƙananan garuruwa, kowane reshe da asusunsa a bankin garin, inda yake zuba kuɗin abokan ciniki kafin a kwashe su zuwa babban asusu. Sai rassa suka fara kwasar fiye da abin da suka zuba. Giɓin da ya rage a toshe shi da cakin wani reshe na wani banki, shi ma a toshe nasa da na wani, haka takardu za su yi ta zagaye kamar sarƙa, sunan da ma aka ba dabarar ke nan a cikin harkar. Kuɗin da aka kwasa kafin lokaci kuma suna can suna kawo ruwa. Manajan reshe yana da kaso a ribar reshensa, kuɗin ruwan nan kuma cikin ribar ake lissafa shi, don haka ba sai an tsaya a kansa da bulala ba. Akwai wata takardar cikin gida da ta fito daga baya, wadda ta ba da misalin wani reshe da ke samun ƙarin kusan dala 30,000 a wata ta wannan fanni, aka kuma rarraba ta ga manajojin shiyyoyi. Bankunan da abin ya ratsa ta cikinsu sun kai kimanin 400, akasarinsu ƙanana ne na karkara, kuɗin da kamfanin ke juyawa ba da izini ba kuma an kiyasta yakan kai dala miliyan 250 a rana.

Me ya sa bankunan ba su farga ba? Wasu sun ga alamu. Amma ka ɗauki ƙaramin banki a garin manoma, ga babban kamfani daga New York ya buɗe asusu a wurinsa. Wa zai ce wa irin wannan baƙo ya jira kwana uku kafin ya taɓa kuɗinsa? Girman sunan shi ne zaren.

Inda ya tsinke kuwa wani ƙaramin banki ne a yankin Batavia, can yammacin jihar New York, a ƙarshen 1981. Ofishin Hutton na garin mutum huɗu ne kacal a cikinsa, amma miliyoyin daloli ke shiga asusunsa suna fita. Ma'aikatan bankin suka lura cewa takardun da ake zubawa na wasu bankuna biyu ne a Pennsylvania. Suka tuntuɓe su, suka ji kuɗin da ke can bai kai abin da aka rubuta ba, sai suka daina biya. Ɗaya daga cikin bankunan na Pennsylvania, United Penn, ya kai maganar ga hukuma. Daga nan bincike ya ja har shekara uku.

A nan ne lamarin ya koma kan kalma, kuma a ganina nan ne ya fi daɗin nazari. Kowa a harkar banki ya san abin da kiting yake nufi, amma doka ba ta san shi da wannan suna ba. A 1982, ana tsakiyar binciken, Kotun Ƙolin Amurka ta yanke hukunci a wata shari'a daban, ta Williams da gwamnatin Amurka, inda aka tuhumi wani mutum da yi wa banki bayanin ƙarya saboda ya yi irin wannan wasa da caki. Alƙalai biyar cikin tara suka ce caki ba bayani ba ne balle ya zama na ƙarya. Umarni ne kawai ga banki cewa ya biya wane kaza, umarni kuwa ba a cewa gaskiya ne ko ƙarya. Wato takardar ba ta ce akwai kuɗi a bayanta ba, mai karɓa ne ya ɗauka haka. Sai a 1984 Majalisar Dokoki ta toshe wannan ƙofa da dokar zambar banki. Doka kuma ba ta komawa baya ta kama abin da aka yi kafin ta. Shi ya sa masu gabatar da ƙara suka bi ta dokokin zamba ta gidan waya da layukan sadarwa, waɗanda a lokacin iyakar tararsu dala 1,000 ce a kan kowace tuhuma. Tuhuma 2,000 sau dala 1,000, ga dala miliyan 2 ɗin da aka ci kamfanin tara. Aka ƙara masa dala 750,000 kuɗin bincike, ya kuma ware har dala miliyan 8 don biyan bankunan da ya ci da guminsu.

Masu kare Hutton suna da hujjar da ba za a yi watsi da ita haka kawai ba. Suka ce mai kiting na asali fanko ne, ba shi da komai, ranar da asiri ya tonu banki ne zai kwana ciki. Hutton kuwa yana da dukiyar da ta rufe kowace takarda da ya rubuta, ba bankin da ya rasa uwar kuɗinsa. A wurinsu wannan ƙwarewa ce wajen juya kuɗi, an dai ɗan wuce gona da iri. Ni dai ban ga inda hujjar ta wanke su ba. In attajiri ya shiga shagonka da dare ya ɗauki jarinka ya yi ciniki da shi, ya mayar kafin asuba, ya yi haka wata ashirin, kasancewarsa attajiri bai mai da abin rance ba, tunda ba ka sani ba balle ka yarda. A wannan gaɓar tsohuwar ma'anar nan ta ƙarni na 16 ta fi dacewa da su fiye da ta abin wasan yara: babba ne ya yi ta surar na ƙanana.

Abin da ya fi harzuƙa jama'a shi ne ba mutum ko ɗaya da aka gurfanar a cikin yarjejeniyar amsa laifin da kamfanin ya yi da gwamnati. Kamfani ya amsa laifi sau 2,000, amma ba hannun da aka ce shi ya rubuta. Ma'aikatar shari'a a ƙarƙashin Edwin Meese ta sha suka, Majalisar Wakilai ta yi zaman jin bahasi. Shugaban kamfanin, Robert Fomon, ya ɗauko tsohon ministan shari'a na zamanin Jimmy Carter, Griffin Bell, ya yi binciken cikin gida. Rahotonsa na Satumban 1985 ya ɗora nauyin a kan raunin sa ido da wasu manajoji, bai sami na can ƙoli da aikata laifi ba. Da yake kamfanin ne ya biya kuɗin aikin, mutane da yawa ba su gamsu ba.

Kalmar ba ta tsaya a banki ba, ta ci gaba da yawonta, kuma mai fassara zuwa Hausa sai ya yi hattara da ita a kowace jimla. A siyasar Birtaniya, da jaridun Turanci na Najeriya da suka gaji salon, in aka ce gwamnati tana tashin kite, ana nufin ta saki wata magana ta bayan fage don ta ji yadda jama'a za su karɓe ta. In an yi ca, sai a ce ai jita-jita ce. Yara ma da jirgin leda suke gane inda iska ta dosa. Ba'amurke kuwa in ya ce maka je ka tashi kite, ba shawarar siyasa yake ba ka ba, cewa yake ɓace min da gani. In aka ce wane ya yi sama kamar kite, ya yi mankas ke nan. A gidajen yarin Amurka kite 'yar wasiƙa ce da fursuna ke aikawa a ɓoye, har ma takardar koke da yake miƙa wa hukumar gidan. Masu wasannin kwamfuta suna cewa kiting in ɗan wasa ya ja abokin gaba yana bin sa a baya, yana harbinsa daga nesa ba tare da ya bari ya cim masa ba. A cikin waɗannan duka, ba inda shirwa za ta shiga jimlar Hausa ta zauna. Na Hutton ma sai dai a ce zambar juya caki tsakanin bankuna, a haƙura da hoton.

Ita kanta dabarar iskarta ta ragu ƙwarai. Dokar da Amurka ta yi a 2003, wadda ta fara aiki a Oktoban 2004, ta ba bankuna damar aika hoton caki ta kwamfuta maimakon ɗaukar takardar a jirgi, kwana uku ya koma kwana ɗaya ko ƙasa da haka. A Najeriya tun 1977 akwai dokar da ta tanadi ɗaurin shekara 2 ga wanda ya ba da cakin da ya dawo ba kuɗi, yanzu kuma da tiransifa ta waya ta zama ruwan dare, matasa da yawa ba su taɓa riƙe littafin caki ba.

Hutton bai kai ga ganin wannan zamani ba. Tarar ba ta girgiza aljihunsa ba, amma abokan ciniki sun fara janyewa. A 1987 wata sabuwar badaƙala ta ɓullo a reshensa na Providence, a jihar Rhode Island, kan halatta kuɗin haram. Ranar 19 ga Oktoban shekarar kasuwar hannun jari ta rufta. Kafin Disamba ta ƙare an amince a sayar da shi ga kamfanin Shearson Lehman a kan kusan dala biliyan ɗaya. An liƙa sunansa a ƙarshen sunan sabon kamfanin na ɗan lokaci, a 1990 aka cire.